Ƙirga Goma

Tun bayan ƙaramar Sallah
abin kunnena yake yi mini gardama.
Da rana ba shi da laifi:
in ɗauki fasinja a Gawon Nama,
in sauke a Runjin Sambo,
labarai na zuba a kunnen hagu,
na dama na bar wa masu cewa "tsaya nan, mai keke."

Sai dare.
In na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a Mabera,
zafi ya kori kowa daga ɗaki,
sai in ji babur ya mutu a bayan katanga,
ƙyaure ya yi ƙara,
abin ya ce tit,
ya saki wayata kamar bai taɓa cin cajina ba,
ya haura bulo tara
ya kama wayar Arzika.

Arzika yayana ne.
Shi ya ba ni shi, da kwalinsa,
shekarar da albasa ta yi kuɗi.
Wannan kafin rabon gado ne,
kafin taku huɗu na ƙasa da gindin darbejiya
su cinye mana gaisuwa.

Na yi duk abin da ake yi.
Na kashe bulutut na kunna.
Na kashe wayar ɗungurungum.
Na mayar da su akwatinsu na rufe,
na goge bakin cajin da auduga a kan tsinke,
na bar su suka sha wuta har suka ƙoshi.
Da babur ya mutu, tit.

Ba na saurare, Allah shaida.
Ina cirewa.
Amma kafin hannu ya kai kunne
akwai numfashi biyu ko uku:
dillali daga Kara yana cewa buhu ya faɗi,
wani yana tuna masa bashin taki,
ran nan kuma muryarsa ce da kanta,
yana sake jin saƙon da ya aika,
da tari a tsakiya
irin wanda Baba ya fara da shi.

Na kai wa Modi mai gyara.
Ya juya shi a tafin hannu, ya hura, ya yi dariya.
"Wanga lahiyatai lau.
Mai shi na hwarko yaka tunawa.
Ka sa su cikin gidansu, ka bar murhi buɗe,
ka danne madanni hak ka ƙirga goma.
In wuta ta yi ja, ta yi hwari, ta yi ja,
ya mance kowa ke nan.
Sannan ka neme shi awa baƙo."

Na biya shi ɗari biyu, na juya.
Ya ce, "Ko kuma shi mai wayar ya goge sunan.
Taɓawa guda ta.
Ai ya sani. Duk sadda abin ya kama,
wayatai shiru taka yi."

Na tsaya da ƙafa ɗaya a cikin keke.

Wata biyar ke nan
wayar Arzika tana yin shiru a hannunsa
duk daren Allah,
da zarar ya shigo gida.
Arzika da yake gyara injin ban-ruwa da cokali
ba wannan ne zai gagare shi ba.

Daren jiya na buɗe murfin.
Na ɗora babban yatsa.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Sauro yana kuka, janareton maƙwabta yana amsawa.
Huɗu. Biyar.
'Yar wutar tana kallona, fara sol, ba ta ƙifta ba.
Shida.
A bakwai babur ya shigo lungu,
na gane shi da salansar da ya ƙi canzawa.

Na ɗaga yatsa.

Na sa na hagu a kunne, na jira.
Ƙyaure ya yi ƙara.
Tit.
Babu dillali, babu saƙo.
Shiru ne kawai, mai buɗaɗɗiyar ƙofa,
sai takalminsa da na ji da kunnen dama
ya zo jikin katanga
ya tsaya.