Madigadin Hagu

Dutsen da ke bayan garin Kingman
shi ya ci mini madigadin hagu,
ya tauna ƙarfen, ya tofar
kamar ɓawon gyaɗa.
Na buga waya na tambayi kuɗin sabo.
Da aka faɗa, sai na yi dariya na kashe.

Ubana Tanimu fanabita ne a Ƙofar Ruwa.
Shekara talatin da ɗaya yana lallashin ƙarfe da guduma
har kunnensa na dama ya yi ritaya.
Yakan ce ƙarfe yaro ne:
buga nan, shafa can, zai dawo hanya.
Ni kuwa ga ni a gareji a Arizona,
hannuna riƙe da wani farin ƙyalle mai sheƙi,
wai gilashi ne aka kaɗa ya zama zare,
ga galan na danƙo
mai warin da ke hawa kai ya zauna.

Wendell, tsohon da muke katanga ɗaya,
wanda ya ƙare ƙuruciya yana ƙera jiragen ruwa,
ya leƙo ya ce,
"Shafa kaki sau biyar. Ban ce huɗu ba."
Na shafa uku.
Sauri kuwa ya haifi nawa:
washegari mazubi da abin da na zuba
sun rungume juna,
sai zarto ne ya shiga tsakani.

Karo na biyu na cika ɗigon maganin daskarewa.
Kofin ya yi zafi a tafina,
ya yi hayaƙi,
ya ƙame da burushin a tsaye a ciki.
Yana nan kan taga har yau.

Wannan aiki bai san lallashi ba, Baba.
Minti ashirin yake ba ka,
in ka yi daidai, to,
in ka kuskure, haka zai bushe da kuskurenka.

Daren Lahadi na sake.
Rumasa'u ta riƙe fitila, takunkumi ya rufe mata rabin fuska,
tana ƙirga ɗigo da Turanci,
ina amsawa da Hausa.
Shimfiɗa, jiƙa, danna,
kori kumfa zuwa gefe.
Farin ƙyallen ya sha, ya ɓace a idonmu
kamar kitse a kasko.
Shimfiɗi na uku ke nan
sai wani ɗan faɗa-wuta ya biyo hasken,
ya sauka a kan danƙon,
fiffike a buɗe.
Ta ce in cire shi.
Lokaci ya riga ya ƙure.

Da asuba na sa ɗan katako a baki, na ɓamɓara.
Ɗas!
Ya fito, shafal, yarinya ma ta ɗaga shi da hannu ɗaya.

Kwana huɗu ina gugar samfefa,
ƙaiƙayi ya bi ni har cikin bargo.
Na yi fenti ruwan ƙasa
amma na bar wuri kamar faɗin kwabo,
inda ƙwaron yake kwance a cikin haske.

Jiya mun koma wajen dutsen.
Ya kai cizo, ya samu karce kawai.
Na ƙwanƙwasa madigadin da yatsa.
Ba ya amo irin na ƙarfe, Baba.
Da ka kara kunnenka na hagu,
ka ce in sake bugawa.