Tsumman Allo

A ajinmu na lise, can Garwa bayan kasuwa,
ni aka ba wa tsumman goge allo.
Nakan kaɗe shi a bakin taga, fat-fat,
farin gari ya tashi kamar ana tankaɗe.
Hamajoda na benci na biyu ya sunkuya,
ƙirjinsa na busa sarewa ba makaɗi.
Mu kuwa dariya. Muka sa masa suna Mage
don kukan da ke fita in ya ja numfashi.

Kakarsa ta ce iskar bakin Binuwai ce,
aka turara shi har ya kusa shiɗewa.
Malamin guje-guje ya ce lalaci ne:
"Ƙato da kai, zagaye biyu ka zube?"
Ɗan famfonsa shuɗi yana ƙasan jaka,
cikin safa, a naɗe kamar kayan sata.
Kunyar ɗan sha biyar nauyinta ya fi na bashi.

Ran wata Alhamis Madam Jaratu ta shigo,
ma'aikaciyar jinya, gajera, takalmin roba.
Ba ta taɓa alli ba. Ta raba mana
tsinken zuƙar lemo, mu sittin da huɗu.
"Ku yi tsalle ashirin. Ku toshe hanci.
To, ta nan kaɗai za ku sha iska."
Kafin a ƙirga goma idona ya kawo ruwa,
na tofar da nawa, aji ya cika da nishi.

"Ku kun tofar," in ji ta. "Mai fuka fa?
Nasa tsinken a cikin ƙirji yake."
Ba wanda ya waiwayi benci na biyu,
ƙeyarmu ce kawai ta yi zafi.
Ta ce ba a ɗauka, ba kuma aljani ba ne.
Ta lissafa abokan gaba a yatsunta:
garin alli, hayaƙin icce, maganin sauro na ƙonawa,
ɓurɓushin audugar da manyan motoci ke zubarwa,
har da turaren wutan iyayenmu mai ƙamshi.

Sai ta huda gindin gorar ruwa ta roba,
ta cusa bakin famfo, ta ɗaga mu gani.
"A zaunar da shi, kar a kwantar.
Girgiza. Fesa ɗaya, shaƙa huɗu. A sake.
In magana ta gagara, in leɓe ya sauya launi,
kar ku jira kowa. Babur, asibiti."
Muka ajiye gorar a saman kabad,
kusa da taswirar duniya da bera ya ci gefenta,
muka manta da zancen kamar ba a yi shi.

Watan Maris, rana na dukan ƙasa,
wani ya cinna wa shara wuta bayan katanga.
Ana tsakiyar ƙwallo Hamajoda ya durƙusa,
wuyansa na lotsawa, ba ko sarewar.
Astajam, wadda ba mu san muryarta ba,
ita ta zazzage jaka, ta warware safa.
Ni na sheƙa aji, na haye benci, gora!
Hannuna na rawa, bakina na ƙirge,
ɗaya, biyu, uku, huɗu. A sake.
Malam na tsaye, usur a baki, ya kasa hurawa.
A fesa ta huɗu kafaɗun suka sauko.
Kalmar farko da ya samu ya furta:
"Nawa-nawa?"
Muka fashe da dariya, wasu da hawaye,
Malam da kansa ya miƙa hannu ya tashe shi.

Yanzu famfon na aljihun gaba, kusa da biro.
Yakan shaƙa kafin wasa, a idon kowa.
Shi ke tsaron raga. Sunan Mage ya zauna,
sai dai yanzu don tsalle ake kiran shi.

Ban taɓa ce masa ya yafe mini ba,
bakina bai iya irin wannan magana ba.
Kullum da safe dai, kafin a buga ƙararrawa,
nakan je randar bakin ofis da tsummana,
in tsoma, in matse, in bi allo a hankali.
Yakan daɗe bai bushe ba, malamai na mita.
Su yi ta yi.
Ko ƙwayar gari ba ta tashi.