Faɗa Mini Launin

Kakana Tauno ya yi shekara talatin da ɗaya
yana gurzar ƙarfe a ma'aikatar jiragen ruwa ta Turku,
jiragen da in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi.
Yanzu jirginsa ɗaya ne, tsawon hannuna.
Aune ya raɗa masa, sunan kakata.

Tsakanin inji da sandar farfela
akwai ɗan mahaɗi, bai kai yatsa ba.
Shi ke karɓar juyi ya miƙa gaba.
Ƙarfe ɗaya ba ya amo,
biyun ma sai da mai shiga tsakani.

Na farko na tagulla ne. Bazara guda ya yi,
raminsa ya wage baki kamar tsohon takalmi.
Na biyu ƙarfe mai taushi, na kanti,
ya murɗe ya bi, bai yi gardama da kowa ba.
Na ukun ne Kaka ba ya son a tuna.
Ƙarfe mai asali, ya gasa shi ya yi ja,
ya tsoma a ruwan sanyi, ya ɗaura a haka.
Tsakiyar tafki muka ji ƙas.
Inji na ta ihu, farfela ta yi shiru,
Aune na shawagi cikin agwagi
har iska ta ga dama ta kawo ta bakin ciyawa
da ƙarfe tara na dare, rana ba ta faɗi ba.

Ni na koya wa yara wannan, in ji shi,
ga shi gaggawa ta ci ni da furfura.

Bana yana ta rufe masa ido.
Da ƙanƙara ta kulle tafkin
ya kira ni ɗakin ƙasa, ya kashe fitila.
Helmi, riƙe awartakin. Ni hannu, ke ido.

Muka hura wuta. Ƙarfen ya yi duhu, ya yi ja.
Wane irin ja?
Na ce kamar garwashi.
Garwashi kala-kala ne, yarinya. Kawo maganaɗisu.
Na kai, ya ƙi kamawa.
To yanzu. Cikin mai, ba ruwa ba,
a tsaye, kuma kar ki daina juyawa.
Hayaƙi ya tashi, ya tsaya mana a maƙogwaro.

Ya laluba magagari ya goga.
Ta zame, ta yi tsuwa, ba ta ci komai ba.
Na yi murna. Ya girgiza kai.
A haka gilashi ne. Taurin da bai san sassauci ba
ranar farko yake karyewa.
Saura horo na biyu, na lallashi.

Na goge shi har ya ɗauki fuskata,
muka ɗora a faranti, wuta can ƙasa-ƙasa.
Faɗa mini launin.
Ruwan zuma, Kaka.
Na wuƙa ke nan. Jira.
Ruwan ƙasa.
Jira.
Ya fara shunayya.
Ya riƙe hannuna, nasa na rawa.
Shuɗi, Kaka, shuɗi yana hawa daga gefe!
Cire!

Muka zauna a duhu muna jin mai yana huce shi.
Ya ce Aune ce ta yi masa wannan horon,
shekara arba'in, a hankali, ba ta ƙona shi ba.
Ban tanka ba. Na ga yana neman hankici.

Watan Mayu ƙanƙara ta saki.
Na sa jirgin a ruwa, shi yana kan benci,
ya karkatar da kai, ya ba tafki kunne.
Ba ya ganinta.
Ya dai ce, ƙara mata wuta,
ina jin mahaɗin, bai ce uffan ba.