Matakala Ɗari da Sha Ɗaya

A katin asibiti sun rubuta: Eduvijis, saba'in da huɗu.
Ban yi musu ba.
Sai dai takarda ba ta taɓa hawa
matakala ɗari da sha ɗaya
da ke tsakanin bakin teku da ƙofata
a kan tudun Valparaiso ba.

Ran Litinin, bayan wankin ƙoda,
jinina ya yi awa huɗu yana yawo cikin inji,
ya dawo mini a sanyaye kamar kayan aro.
A ranar casa'in nake, ko na ɗara.
Kan matakala ta arba'in nake zubewa,
in yi kamar jiragen ruwa na tsaya kallo.

Talata kuwa sittin nake,
har da shanya a igiya,
har da cacar baki da Rosamel mai kifi
kan sikelinsa mai ha'inci.

Likita Nibaldo, wanda na girmi uwarsa,
ya ce kofi biyu na ruwa a yini, kada in ƙara.
Ni da na shekara talatin ina wa matuƙa wanki,
hannuna a ruwa tun asuba,
yau ni ake auna wa ruwa.

Gaɓoɓina ba tsara ɗaya ba ne.
Ƙodar ta riga ni tsufa, ta yi gaba ba sallama.
Gwiwoyin nan sa'annin kakata ne.
Harshe kuwa, a tambayi Rosamel.
Kunne, in maƙwabta suka kunna rediyo,
'yar sha tara ce mai jan takalmi,
ba ta da labarin allura.

Aliro na kujerar gefena,
hamsin da takwas kacal,
yarinya yake ce mini, yana ɓoye lemo a aljihu.
Juma'ar da ta wuce wani na tarar a kujerar.
Ban tambaya ba.
Da na dawo, tun a ta ashirin na zauna.

Ɗazu jikata Miyarai tana taje mini kai,
ta ce, Kaka, ke tsohuwa ce?
Na ce wace rana ce yau?
Ta ce Talata.
Na ce to, dawo gobe da yamma ki gani.
Yanzu dai miƙo mini jan takalmin nan na ƙarƙashin gado.
Ba sawa zan yi ba,
ƙafar ta kumbura.
Gogewa kawai zan yi.