Hanyar Rairayi a Badagiri

Ran Lahadi na rufe rumfar albasa a Agege,
na ce wa Tasalla ta sa takalmin roba,
yau za ta ga ruwan da ba a hango gaɓarsa.

Setonji mai kwalekwale ya ƙirga mu, mu tara,
ya tsallakar da mu Geberefu,
injinsa na tari, ruwa na fantsamo mana a gwiwa.

Daga nan sai ƙafa.
Rairayi da zafi, bishiyoyin kwakwa sun sunkuya.
Ja-gora ya nuna mana wata rijiya,
ya ce an ce nan ake shayar da mutane
don su manta sunan garinsu.
Na leƙa. Inuwar hulata na rawa can ƙasa.

Wa ya san ko wani ɗan Zazzau ya bi ta nan,
tsagar gidansu a kumatu,
ƙarfe a wuya,
ya ji rugugin teku ya zaci hadari ne,
ya tuna geron da bai girbe ba?

Tasalla ba ta jira ni ba.
Ta ruga, igiyar ruwa ta koro ta tana ihu:
"Baba, ruwan nan duk gishiri ne!"

Muka sha kwakwa biyu a tsaye.
Da rana ta yi sanyi muka juyo,
ita a gaba, tana taka sawunmu na safe,
ni a baya, ina ta maimaita mata sunan ƙauyenmu,
har ta waiwayo ta ce,
"Baba, ai na sani."