Kabewar da Ta Haura Danga

Shekara talatin da huɗu ina ɗaure jirage
a tashar ruwan Valparaiso,
igiya ta cinye zanen tafin hannuna.
Da suka sallame ni da agogo da takarda
na hau matakala ɗari da tara zuwa gida,
na yi ta kallon teku har hutu ya zame mini gajiya.

Filin bayan ɗakina bai fi shimfiɗar bargo uku ba,
dutse ne zalla da gwangwanaye.
Na ɗebo ƙasa daga kwari, bokiti-bokiti,
gwiwa tana kuka, ina yi mata tsawa,
na cika tsohon bahon wanka da cikin taya.

A nan sanyi yakan saki ƙasa ne a Satumba.
Na sa albasa, latas, wake mai hawa,
tumatir shida a baho, barkono a hujajjiyar tukunya,
da 'ya'yan kabewa uku da Rigoberto mai burodi
ya naɗo mini a jarida yana dariya.

Iskar gishiri ta ƙone tumatir biyu.
Katantanwa suka yi wa latas aski cikin dare.
Na bi su da tocila, a rigar barci,
ina kiran kowace da sunan tsohon maigidana na tasha
har zakaran unguwa ya kira safiya.

Kabewa guda ce ta tsira, kuma ba ta jin magana.
Na nuna mata gabas, ta yi yamma,
ta bi gindin lemo, ta kama wayar danga,
ta haura gidan Eduvigis Painemal,
wadda shekara sha ɗaya ba mu gaisa ba ko a hanya.

A kan indararo ne. Ruwan rufina ya zuba a ƙofarta,
ta faɗi magana, na mayar da wadda ta fi ta.
Indararon an gyara shi tun a watan.
Abin da ya saura, in an tona, rabinsa kunya.

Can ta yi fure, can ta ɗaura ɗa,
guda ɗaya tak, yana reto a gefenta.
Saiwa tawa, ruwa nawa, taki nawa,
amma hannuna ba ya kaiwa,
kuma ba zan roƙa ba ko zan shekara babu miya.

Ran nan na leƙa ta tsagar katako:
an yi wa kabewar goyo da tsohuwar safa,
an rataya a ƙusa kada nauyi ya tsinke ta.
Na tsaya riƙe da butar ban ruwa
har ta tsiyaye a takalmina gaba ɗaya.

Daga ranar na ƙara wa saiwar bokiti.
Ita ma, na lura, tana cire busasshen ganye.
Haka muka yi renon, kowa a gefensa, ba kalma.
Daren da ƙasa ta girgiza, kwanuka suka zube,
fitila biyu suka haɗu a bakin danga.
Ni na fara: "Tana lafiya?"

Ta ce, "Tana nan." Na ce, "To." Muka koma.

A Maris na ji saran wuƙa ta bango.
Na ce, Anselmo, ka yi wa wani noma.
Da magariba aka ƙwanƙwasa: jikarta Maite ce,
da tukunyar wake da masara da kabewa tana tururi,
da rabin kabewar a faranti, da irinta a ƙullin takarda.
"Kaka ta ce waken ma naka ne, ya leƙo ta baya."

A tsaye na ci. Gishiri ya ɗan yi yawa,
gobe zan je in faɗa mata, in ji me za ta ce.
Irin yana bushewa a bakin taga.
In Satumba ta zo zan binne shi dab da danga,
kuma ba zan nuna masa gabas ba,
ya fi ni sanin tafiya.