Taimama a Lake Charles

Mun baro Houston gari bai gama wayewa ba,
mu bakwai a motar masallaci,
da shebur, da safar hannu, da bilic jarka huɗu.
Kamilu na tuƙi yana hamma,
ni ina ƙirga turakun lantarki da guguwa ta kwantar
har na gaji da ƙirgawa.

Gidan da aka ba mu na wata tsohuwa ne,
Earline Guidry, mai takalmin roba wari daban-daban.
Ta nuna mana zanen da ruwa ya bari a bango,
daidai ƙirjina,
miƙaƙƙe kamar magini ya ja shi da igiya.
Ta ce, “Nan ya tsaya. Akwai wanda ya hana shi ƙaruwa.”

Firji muka fara ja.
Warsame ya ce a ɗaure shi, kada a buɗe,
kwanansa tara ba wuta.
Kamilu bai ji ba.
Har yau in ya ga kaza sai ya kau da kai,
mu kuwa abin tsiya ya samu, ba ma mantawa.

Kafet ya yi nauyin gawar sa.
Muka yanke bango, funfuna ta yi masa baƙi ƙirin.
A ƙarƙashin gado na tsinci Baibul ɗinta
ya kumbura kamar burodi.
Shafin farko, inda ta rubuta haihuwar 'ya'yanta,
tawada ta narke ta bi ruwa.
Ta rufe ido tana kawo su da ka,
ina rubutawa a bayan kwali.
Huɗu ne. A na ukun ta daɗe shiru
kafin ta ba ni rana ta biyu, ta rasuwa.

Bara waccan ruwa ya ci gidanmu a Auyo.
Kuɗi na tura ta waya.
Kuɗi ba ya riƙe shebur,
ba ya sanin warin ɗakin uwarka bayan ambaliya.
Wasu ne suka kwashe mata laka, ban san sunansu ba.
Yau ga ni durƙushe a ɗakin uwar wani
da bashin da ban san wa zan miƙa wa ba,
ina kankarewa.

Azahar ta yi.
Famfo a rufe, an ce ruwan ya gurɓata,
na gora kuma na sha ne, a ƙirge yake.
Garin da ruwa ya kai wa wuya
ya rasa na alwala.
Muka nemi busasshiyar ƙasa, babu ko tafin hannu,
sai jan bulon murhunta, can sama da zanen.
Muka jera muna bugawa, muna shafawa.

Ba ta tambaye mu ba.
Ta hau tsani, ina cewa a riƙe ta,
ta sauko da farin zanen tebur na Kirsimeti,
abu ɗaya da bai jiƙe ba a gidan,
ta shimfiɗa mana a baranda.
Da muka yi sujada na ji ƙamshin adana,
ita tana bayanmu a kan bokiti
tana motsa leɓe, tata take karantawa.

Matan coci sun kawo shinkafa da wake.
Babbarsu ta ɗaga murfi ta ce, “Ba alade, mun tambaya.”
Muka ci a tsaye, kowa da laka har gwiwa.

Da dare na kira Inna.
Na ba ta labarin firji, ta yi dariya,
na ba ta na kwalin, ta yi shiru.
Can ta ce, “Tsohuwar, wa ke kwana da ita?”
Na duba farcena, lakar ba ta fita ba.
Ban tambaya ba, Inna.
Asabar muna komawa.